Baba a Kujerar Gaba

Yaya: Salamu alaikum. Auta? Auta, kina ji na kuwa?

Auta: Wa alaikumus salam. Ina ji, Yaya. Ina wuni?

Yaya: Lafiya lau. Ya gajiyar hanya?

Auta: Ba gajiya. Ya yara? Ya Baban yara?

Yaya: Duk lafiya, suna gaishe ki. Kin dai isa lafiya?

Auta: Tun jiya. Ya mai tari? Ya sauka?

Yaya: Wa ya sauka?

Auta: Tarin! Tarin ƙaramin naki!

Yaya: Au, tari. Da sauƙi, ya ma koma ɓarnarsa. Kai, layin nan sai a hankali. Wannan hayaniyar fa? Kasuwa kika shiga?

Auta: Wace kasuwa? Wurin taron ne. Ina wani ɗan ɗaki a bayan dandamali, ina jiran a kira ni. Tsaya in rufe ƙofar nan, sai shigo min ake yi. Yauwa. Ina jin ki.

Yaya: Mutane sun zo dai?

Auta: Yaya, zauren ya cika har ana tsaye a baya. Ni da na saba karanta waƙa a ɗakin karatu gaban mutum shida, na shidan ma mai gadi ne yana jira in gama ya kulle. Yau gidan rediyo na watsawa kai tsaye. Matar kamfanin buga littattafai ma ta zo, ita za ta ce ko za su zagaya da ni garuruwa ko a'a.

Yaya: Masha Allah. Allah ya sa albarka. Kin ci abinci?

Auta: Abinci ba ya shiga in zan hau.

Yaya: Wane kaya kika sa?

Auta: Shuɗin nan da kika ɗinka min. Yaya, lafiya? Ke da kike ƙirga numfashi in kin kira waya, yau har da tambayar kaya?

Yaya: Ba dama in gaida ƙanwata? To. Ya aiki? Au, na manta kin ajiye koyarwar.

Auta: Yaya.

Yaya: Na'am.

Auta: Faɗi.

Yaya: Ba komai fa. Cewa na yi ko akwai kemis kusa da ku.

Auta: Kemis? Wa ba shi da lafiya?

Yaya: Kowa lafiyarsa ƙalau. Maganin Baba ne, ɗan ƙaramin nan na ƙarƙashin harshe. Na shiga share masa ɗaki sai na gan shi a kan tebur.

Auta: To ki miƙa masa shago mana. Ni da ke wani gari me zan yi da kemis?

Yaya: Ai ba ya shago.

Auta: Yana ina?

Yaya: Ya sa na rantse ba zan faɗa ba.

Auta: Yaya, Baba yana ina?

Yaya: Allah ya yafe min rantsuwa. Yana hanya. Wurinki ya tafi.

Auta: Wurin wa?

Yaya: Wurinki! Taron naki! Mai Taya maƙwabcinmu ne ya ɗauke shi a mota. Ya sa farar rigarsa da hular nan da ba ya sawa sai da dalili, ya ce yau zai ji autarsa da kunnensa. So ya yi ki gan shi kwatsam. Ba don maganin nan ba da ban... Auta? Layin ya yanke ne? Auta!

Auta: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya: Subhanallahi, mutuwa aka yi? Ubanki zai zo ya ga ana tafa miki, shi ne kike salati?

Auta: Wa ya gaya masa? Wa ya gaya masa, Yaya?

Yaya: Baban yara ne ya ga hotonki a waya, da sunan nan naki na aro a ƙasa, ya kai masa shago da murnarsa. Laifi ne?

Auta: Kira shi. Kira Baba yanzu ki ce an ɗage taron.

Yaya: Wayarsa ga ta nan kusa da maganin. Na kira ɗazu, sai na ji tana kuka a bayana.

Auta: Mai Taya fa?

Yaya: A kashe. Kin san shi, in yana tuƙi ko uwarsa ba ta samun sa.

Auta: Yaushe suka tashi?

Yaya: Da ɗan jimawa.

Auta: Yaya, yaushe?

Yaya: Tun da hantsi. Ni kuma sai yanzu na shiga ɗakin. Wai ni me ke faruwa ne? Ba waƙoƙin tsuntsaye da ruwan sama kike karantawa ba? Haka kika ce min.

Auta: Haka na ce miki.

Yaya: To?

Auta: Akwai na tsuntsaye. Ba su ne suka cika zauren nan ba. Waƙa ɗaya ce ta cika shi, ita aka zo ji. Ita ce sunan littafin, ga shi can an jera a tebur a bakin ƙofa.

Yaya: Ni ban taɓa buɗe littafin nan ba, kin sani. Waƙar da ba kiɗa barci take sa ni. Ta mece ce?

Auta: Ta yayanmu ce. Ta Dogo.

Yaya: Wane Dogo?

Auta: Dogo nawa muke da shi?

Yaya: Auta, ba ki da hankali ne? Sunan da ba a ambata a gidan nan, shi kika ɗauka kika kai gaban duniya?

Auta: Ba sunansa a ciki. Ranar ce kawai. Ranar da Baba ya ce masa in ya sake fita wurin masu waƙe-waƙen nan ya bar shago, kada ya dawo. Ya fita. Ya dawo ana ruwa, ya tarar an sa wa ƙofa sakata.

Yaya: Na san ranar, ba sai kin ba ni labari ba. Ni na riƙe Inna.

Auta: To ita na rubuta.

Yaya: Karanta min.

Auta: Yanzu?

Yaya: Katin wayata ne ke ƙonewa, ba naki ba. Karanta in ji abin da uban namu zai ji.

Auta: Farkon cewa yake:
Ruwa na zuba, yaro na bugu,
hannu ya gaji, ya koma da goshi.
Inna ta miƙe, aka ce ta zauna,
ni na yi lamo kamar mai barci.

Yaya: Wayyo Allah.

Auta: Daga nan sai mutane su tambaya.

Yaya: Su wa? Wane mutane?

Auta: 'Yan zaure. Haka nake karanta ta. Ni na koya musu tun ina zagaya makarantu. Ƙarshen kowane baiti sai duk zauren ya ɗauka da murya ɗaya: wa ya sa wa ƙofa sakata? Ni kuma in amsa.

Yaya: Ki amsa da me?

Auta: Babana.

Yaya: Me?

Auta: Babana nake cewa. Kowane baiti.

Yaya: La ilaha illallahu. Auta, kin kashe mu. Mutumin da likita ya ce ko faɗan yara kada a yi a gabansa. Mutumin da ya faɗi a shago bara saboda taya ta fashe a titi. Shi za ki tsaya a gabansa ki... Kar ki karanta! Ki yi musu ta tsuntsayen.

Auta: Ba zai yiwu ba.

Yaya: Bakinki ne ko na aro?

Auta: Ba ki gane ba. Da ita ake kira na. Mai gabatarwa ba ya faɗin sunana ma. Sai ya ɗaga hannu, zauren ya yi tambayar, ni kuma in amsa daga nan bayan dandamali ta makirfon da aka maƙala min a wuya, sannan in fito. Haka ake yi ko'ina yanzu. Akwai garin da na ce na gaji da ita, na kama wata. Yaya, ba su bar ni na kai layi na biyu ba. Suka yi ta tambayar suna buga kujeru har na amsa.

Yaya: Makirfo a wuya? Yanzu haka yana wuyanki?

Auta: Eh.

Yaya: A kunne?

Auta: Tsaya... Wayyo. Tsaya in duba. A'a, jar wutar ba ta kama ba. A kashe yake. Sai lokacin ya yi mai na'ura zai kunna daga can.

Yaya: Alhamdulillahi. Cire shi ki yar.

Auta: An zura wayarsa ta cikin riga, sai an kwance min ta baya.

Yaya: To ki ce ba ki da lafiya. Ki ce cikinki ne. Ki fita ta baya ki tare su a hanya.

Auta: Ɗakin nan ƙofa ɗaya gare shi, kuma kan dandamali take buɗewa. In ma na gudu, Yaya, shi ke nan fa. Gidan rediyo na jira, matar nan na zaune. Marubucin da ya bar zaure cike ya gudu, ba a sake kiran sa. Na ajiye aikina saboda ranar nan. Shekarun da na yi ina bin motar haya da jakar littafi a cinya, ina roƙon shugabannin makarantu su ba ni rabin awa...

Yaya: Rabin awa! Ana maganar ran ubanki kina maganar rabin awa!

Auta: Na sani! Kina tsammani ban sani ba?

Yaya: To a tare shi a ƙofa. Ki gaya wa masu gadi wuri ya cika.

Auta: In ce a mayar da Baba daga bakin ƙofa?

Yaya: Ai don lafiyarsa ne.

Auta: In sa a rufe masa ƙofa, Yaya? Ni?

Yaya: ...Astagfirullah. Ban san me nake cewa ba. Wa ke magana a lasifika yanzu? Ina jin murya kamar ta mai wa'azi.

Auta: Wani dattijon marubuci ne. In ya kama makirfo sai an kashe masa wuta yake sauka. Kullum haushinsa nake ji, yau ina roƙon Allah ya ƙara masa numfashi. Daga shi sai ni. Tsaya, ana buga min. Wane ne? Hajiya? Ina zuwa, ina shiri! Hajiya, don Allah ki taimake ni, ki aika kemis a sayo maganin zuciya, wanda ake sawa ƙarƙashin harshe. A'a, ba ni ba, wani baƙo ne. Yaya, karanto min sunan.

Yaya: Rubutun ƙanana ne, idona ba ya... Ki ce ɗan fari, a ƙaramar kwalba ruwan ƙasa. Masu kemis sun sani.

Auta: Ɗan fari a ƙaramar kwalba, Hajiya! Na ciwon ƙirji! Da sauri don Allah. Na gode.

Yaya: Wace ce?

Auta: Mai shirya taron. Ta ce kemis ɗin yana can bakin babban titi, sai an hau abin hawa.

Yaya: Allah ya sa motar Mai Taya ta mutu a hanya. Kullum mutuwa take, yau ma ta taimaka.

Auta: Amin. Akwai ɗan gilashi a jikin ƙofar nan, bari in leƙa. Baya dai ba na gani, duhu ne. Ga 'yan makaranta a gefe. Ga matar kamfanin, tana duba waya. Ga...

Yaya: Ga me?

Auta: Yaya.

Yaya: Na'am? Yi magana mana!

Auta: Yana nan.

Yaya: Wa?

Auta: Kujerar gaba. Tsakiya, daidai inda zan tsaya. Mai Taya na gefensa yana gyangyaɗi. An ga dattijo da farar riga an kai shi gaba. Wayyo Allahna. Tun yaushe yake zaune?

Yaya: Ya fuskarsa? Yana haki? Duba leɓensa, ya yi duhu?

Auta: Ba na gani sosai. A miƙe yake zaune, ya ɗora hannu biyu a gwiwa. Ya rame, Yaya. Yaushe Baba ya rame haka?

Yaya: Da kina zuwa gida da kin sani.

Auta: Kar ki fara.

Yaya: Zan fara. Kin san ranar sakata, na yarda, kina kwance kin ji. Bayan nan aka mayar da ke makarantar kwana. Abin da ya biyo baya ni na gani. Kin san tashoshin mota nawa mutumin nan ya bi da hoton Dogo a aljihu? Kin san ya rufe shago ya tafi har inda ba ya jin yarensu, saboda wani direba ya ce ya ga mai kama da shi? Takalmansa ni nake kaiwa gyara. Wannan yana cikin waƙar?

Auta: Ba wanda ya gaya min.

Yaya: Kin tambaya?

Auta: A gidan da in aka ce Dogo sai kowa ya tashi ya bar wurin? Wa zan tambaya? Inna ta rasu ba ta ƙara furta sunansa ba. Ni kuma bugun ƙofar nan bai taɓa barin kunnena ba. Da ban rubuta ba da na haukace.

Yaya: To ki rubuta ki sa ƙarƙashin katifa mana, kamar kowa.

Auta: Na canza suna. Na ƙi karantawa a garinmu, ko gayyata aka yi sai in ce ba ni da lokaci. Na yi duk abin da zan yi don kada ta kai gare shi.

Yaya: Tsaya. Kin ce gidan rediyo. Yau ne farkon sa ki a rediyo?

Auta: A'a, sun sha sa waƙar. Amma tashoshin nesa ne, kuma da sunan aro.

Yaya: Auta, mene ne sana'ar ubanki?

Auta: Me ya kawo...

Yaya: Amsa min. Me Baba yake yi tun kafin a haife mu?

Auta: Gyaran rediyo.

Yaya: Gyaran rediyo. Mutumin da yake wuni yana murɗa tasha bayan tasha don ya gwada abin da ya gyara. Shagon da rediyo goma ke magana lokaci ɗaya. Kin canza suna. Muryar fa? Ita ma aro kika yi?

Auta: Wayyo.

Yaya: Ke da karatunki duka!

Auta: A'a. A'a, da ya ji da ya yi magana. Baba ne fa. Da ya kira ni ya wanke ni tas.

Yaya: Karanta min ƙarshenta.

Auta: Yaya, dattijon nan ya fara tattara takardunsa.

Yaya: Karanta, akwai abin da nake so in ji.

Auta: Gari ya waye, ƙofa ta buɗe,
ba kowa sai takalmi ɗaya...

Yaya: Ruwa ya cika shi, yana kallon gida.

Auta: Ina kika sani? Kin ce ba ki buɗe littafin ba.

Yaya: Ban buɗe ba. A bakin Baba na ji.

Auta: Me kika ce? Layin ya shaƙe, sake faɗa.

Yaya: A bakin Baba! Tun kafin ya faɗi bara yake yin ta ƙasa-ƙasa, in yana ɗaure waya ko yana alwala. Takalmi ɗaya, ruwa ya cika shi. Na ɗauka wata tsohuwar waƙa ce ta zamaninsu. Har na taɓa yi masa tsiya na ce Baba an tuna samartaka. Bai yi dariya ba.

Auta: Ya sani.

Yaya: Ya sani.

Auta: Tun bara ya sani, kuma na je duba shi a asibiti ya riƙe hannuna yana sa min albarka. Yaya, faɗuwar da ya yi a shago, kin tabbata taya ce ta fashe?

Yaya: Haka ya ce.

Auta: Rediyo na kunne?

Yaya: Rediyo kullum a kunne yake. Kar ki ɗora wa kanki abin da ba ki da tabbas.

Auta: To me ya zo yi? In ya san abin da zan ce, me ya kawo shi kujerar gaba? Tsine min zai yi a gaban mutane? A rediyo?

Yaya: Baba ba ya tsinuwa.

Auta: Baba ba ya tsinuwa, rufe ƙofa yake yi. Yaya, ina tsoro. Wallahi ina tsoro kamar ranar nan. Ji nake kamar in kwanta a ƙasa in yi lamo.

Yaya: Ni ma ga ni zaune a bakin gadonsa. Auta, akwai wani abu kuma.

Auta: Kuma?

Yaya: Ƙofar gida. Watannin baya ya ɗauko sukundireba ya kwance sakatar da kansa. Ya ce ta yi tsatsa. Baban yara ya sayo sabuwa, ya hana a sa. Tun daga nan a buɗe muke kwana, sai dai in tura turmi in ya yi barci, da asuba in janye kafin ya gani.

Auta: Ba ki taɓa gaya min ba.

Yaya: Na ɗauka tsufa ne. Yau da zai fita na ga ya naɗe wani abu a hankici ya sa a aljihun gaba, har rigar ta rinjaya gefe ɗaya. Na ce Baba mene ne, ya ce tsaraba ce.

Auta: Akwai abu a cinyarsa. Farin ƙyalle. Ya dafe shi da hannu biyu.

Yaya: Kin ji wannan ƙarar? Katina ne, an ce saura kaɗan. Saurara. Kar ki amsa musu. Ko za su rushe ginin kar ki ce Babana.

Auta: In na yi shiru rediyo zai watsa shirun.

Yaya: Ya watsa!

Auta: In kuma abin da ya zo ji ke nan fa? In so yake in faɗa a gaban idonsa?

Yaya: Maganin ya iso?

Auta: Ba wanda ya dawo.

Yaya: To ba ki da bakin faɗa. Wannan tafin fa?

Auta: Dattijon ya sauka. Yau da nake so ya daɗe, yau ya ga damar taƙaitawa. Ga mai gabatarwa ya hau. Yaya, jar wutar ta kama. An kunna.

Yaya: Rufe shi da hannu! Matse shi!

Auta: Na matse. Yi magana a hankali.

Yaya: Me yake cewa?

Auta: Yana cewa kun san wadda ta rage. Yana cewa ba sai na faɗi suna ba. Ya ɗaga hannu.

Yaya: Inna lillahi! Wannan duk mutane ne? Har nan na ji. Wa ya sa wa ƙofa... Auta, kar ki amsa.

Auta: Ban amsa ba.

Yaya: Baba fa?

Auta: Bai motsa ba. Mai Taya ya farka a firgice. Mai gabatarwa na dariya, ya ce wai ban ji ba, a ƙara ƙarfi.

Yaya: Ga shi sun sake. Ya Allah. Kamar ginin zai faɗo.

Auta: Hajiya na yi min alama ta gilashi. Matar kamfanin ta ajiye waya tana kallon nan. Bakina ya bushe, Yaya.

Yaya: Bar shi ya bushe.

Auta: Za su yi na uku. Suna buga kujeru.

Yaya: Ina ji. Riƙe bakinki. Riƙe... Shiru kuma? Me ya sa suka yi tsit? Auta, muryar wa na ji? Wa ya ce ni ne?

Auta: Ya miƙe.

Yaya: Baba?

Auta: Ya miƙe tsaye. Ya kwance hankicin. Ita ce, Yaya, sakatar ce, ya ɗaga ta sama. Ya juya ya kalli mutane ya sake cewa ni ne.

Yaya: Wayyo Baba. Wayyo Babana. Yana dafe ƙirji?

Auta: Hannu ɗaya na riƙe da kujera. Wasu sun fara tafi, sun ɗauka shiri ne. An ce su yi shiru. Ya saki kujerar. Yana tahowa.

Yaya: Ina?

Auta: Matakalar dandamali. Mai Taya ya kama shi, ya ture hannunsa. Yana hawa. Ya tsaya yana numfashi. Ya ci gaba. Ba wanda ya tare shi, mai gabatarwa ma ya matsa gefe.

Yaya: Fita ki tare shi! Matakala ce fa, likita ya hana shi!

Auta: Ban san me zai ce min ba. Ban san me zan ce masa ba.

Yaya: Ba waƙa aka ce ki yi ba! Ubanki za ki riƙe kafin ya faɗi!

Auta: Na bar gilashin. Ba zan iya kallo ba.

Yaya: Wannan ƙarar fa? Auta, mene ne wannan?

Auta: Bugu ne.

Yaya: Wa ke bugawa?

Auta: Shi ne. A hankali yake yi. Ya ce Auta, ni ne, na zo.

Yaya: To ya shigo mana! Me ya hana shi shiga?

Auta: Tun ɗazu da na ce miki bari in rufe... Yaya, na sa...

Yaya: Zare ta! Zare sakatar yanzu, Auta! Kar ki bar shi a tsaye yana bu—

Auta: Yaya? Yaya?